Tokar Karan Riɗi

Duk ƙauyen Balan an san Gwadabe da abu biyu, noman riɗi da taurin kai. Noman ya gada ne wurin mahaifinsa. Taurin kan kuwa ba a san inda ya samo shi ba, don mahaifin nasa mutum ne mai sanyin hali. Shekara arba'in da ɗaya matarsa Barira ta yi tana lallaɓa wannan hali nasa, har Allah ya karɓi abarsa damina biyu da suka wuce. Ta bar shi da gida mai ɗaki huɗu, da akuyoyi biyu, da 'ya'ya mata uku, kowacce a gidan mijinta.

Barira gwanar sabulun salo ce. Ba ta kai shi kasuwa, na gida take yi da na 'yan'uwa, amma tana da wata ɗabi'a da ta zame wa gidan doka. Duk 'yarta da cikin fari ya shiga wata tara, sai ta cura sabulu curi bakwai ta jera a sabuwar ƙwarya, ta ɗora ɗan kwanon man kaɗanya a tsakiya, ta rufe da faifai, ta aika gidan surukai. Ba ta haɗawa da wani saƙo, don kowa ya san abin da ƙwaryar ke nufi: mun shirya, in an sauka lafiya a kawo mana 'yarmu ta yi wankan jego a gida. Haka aka yi wa Bara'atu, haka aka yi wa Zuhra.

Kwana arba'in ɗin nan, a wurin Gwadabe, babu lokacin da gidan ya fi zama gida kamarsu. Tun da sassafe hayaƙi ya tashi, babbar tukunya na tafasa da ganyen darbejiya da runhu, ɗacinsu ya cika tsakar gida ya gauraya da ƙamshin kunun kanwa. Mata na shiga suna fita, jariri na tsala kuka a cikin kwano, Barira na cuɗa shi da baƙin sabulunta tana yi masa surutu kamar yana ji. Shi kuwa maigida aikinsa mita: an cinye masa itace, an hana shi barcin rana, an mai da masa gida kasuwa. Barira ba ta ko kallonsa. Ta san in ya gama mitar, shi ne zai ɗauki gatari ya ƙaro itacen ba a tambaye shi ba.

Saura Fiddausi, autarsu, wadda aka kai Gaya bara gidan Nu'uman, wani malamin firamare. Uwarta ba ta ga bikin ba. Yanzu ga kaka ta yi, an yanke riɗi, cikin Fiddausi na wata takwas.

Gwadabe na zaune a tsakar gida yana wasa lauje, sai ga Bara'atu, 'yarsa ta fari da ke aure nan bayan masallaci, ta dawo daga duba ƙanwarta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi ta kewaye-kewaye da zancen hanya da zafin rana har ya ƙosa.

"Ke wannan," ya ce, don tunda aka haife ta bai taɓa kama sunanta ba, "in da magana a bakinki, faɗe ta."

"Baba, Hajiya Safara'u ce ta ce a gaishe ka. Ta ce kuma tunda Inna ba ta nan, kada a wahalar da kowa. In Fiddausi ta sauka, sai ta yi wankanta a can wurinta. Ta ce ita ma uwa ce."

Ya ajiye laujen. Maganar ba ta banza ba ce, shi ya sa ta yi masa ciwo. Hajiya Safara'u, mahaifiyar Nu'uman, mace ce mai mutunci, ba ta taɓa ɗaga wa Fiddausi murya ba. Da a ce da rashin kunya ta aiko da saƙon, ai da ya san yadda zai yi da ita. To da gaskiya ta aiko, a naɗe cikin ladabi: gidansa ya tashi daga gidan da ake kai mai jego, ya koma gidan tsoho da akuyoyinsa. Kuma autar Barira ce kaɗai za ta rasa abin da aka yi wa yayyenta.

"Ƙwarya ta je ne?" ya tambaya.

"Wace ƙwarya, Baba? Wa zai yi sabulun?"

"Ke ba ki iya ba?"

Bara'atu ta sunkuyar da kai. "Inna ba ta barinmu kusa da tukunyar, wai ruwan toka zai ci mana hannu. Wankan dai na iya, ni na taya ta na Zuhra. In sabulu ne kuwa, ga shi can jibge a kasuwar Gaya. Sai in sayo a jera a aika."

Ranar kasuwa da kansa ya je ya gani. Sabulun salo kam akwai, tuli guda, kowanne a naɗe cikin leda. Wani an kwaɓa shi da kurkur, wani da karas, wani da turaren da ke hawa kai tun daga nesa. Mai sayarwar ta ɗaga wani ta ce wannan na haske ne, sati biyu fata za ta washe. Gwadabe ya ce ɗan da ba a haifa ba ina ruwansa da haske, ya kaɗa babur ɗinsa ya dawo. Ya san da Hajiya Safara'u ta ɗaga faifai za ta gane na kasuwa ne, kuma ƙwaryar da ke cewa mun shirya, in da sabulun kasuwa aka cika ta, ƙarya take yi.

A hanya ne tunanin ya zo masa, irin tunanin da ke zuwa wa masu taurin kai. Ai rabin sabulun nan dama shi ke yi. Duk shekara bayan an kaɗe riɗi, shi ke tara karan a tsakiyar gona, ya share ƙasa tas, ya tsince kashin dabbobi da ledar da iska ta kwaso, ya cinna wuta da sanyin safiya kafin iska ta tashi. In ta huce ya kwashi tokar sama-sama da ƙoƙo, ba ya bari ta haɗu da ƙasa. Barira takan ce tokar wani ba ta yi mata, sai tasa. Ko bara da ba ta nan sai da ya ƙona karan, ya cika buhu, ya kawo har ƙofar madafa, sannan ya tuna babu mai karɓa. Ya mai da ita gona ya watsar. Ta bana kuwa tana nan, buhu ɗaya da rabi, bai kai ga watsarwa ba.

Matsalar ita ce iyakar saninsa ƙofar madafa. Shekara arba'in yana dire buhu a nan ya wuce majalisa. Abin da ya riƙe bai wuce abin da ido ya tsinta a wucewa ba: tukunya mai huji a gindi an toshe da tsumma, an cika ta da toka an zuba ruwa, jan ruwa na ɗiga a kasko, daga baya kuma Barira a tsugune da muciya tana juya wani abu baƙi. Ya ce a ransa, wannan ai ba karatun Alƙur'ani ba ne.

Ya kulle ƙofar gida don kada a gan shi, ya tace toka, ya dafa ruwan har ya yi kauri, ya kwarara man gyaɗa, ya yi ta tuƙi har kafaɗarsa ta riƙe. Abin mamaki, abu ya haɗu. Baƙi, mai danƙo, har da kumfa. Don murna bai jira komai ba, ya gutsura ya wanke fuska da wuya, ya dirje sosai yadda manomi ke dirza. Kafin ya kai ga buta ya ji kamar an watsa masa barkono. Kwana biyu goshinsa da kumatunsa suka saɓule, suka yi dabbare-dabbare.

Da ya fita masallaci, Datti, abokin wasansa tun na ƙuruciya, ya tare shi a gaban mutane ya leƙa fuskarsa.

"La'ilaha illallahu. Gwadabe, bilicin ka fara? Wace bazawarar ce ta ce ka yi mata duhu?"

Majalisa ta kwashe da dariya. Gwadabe ya ce kunama ce. Datti ya ce lallai wannan kunama ta san aikinta, har da bayan kunne ta bi. Ya shanye, amma abin da ya tsaya masa a rai ba dariyar ba ce. Tunanin da ya yi shi ne da jariri aka wanke da wannan abu. Ga shi kuma ya ɓarnatar da kusan sulusin tokar.

Washegari ya hau babur ya nufi Gafasa wurin Yagana. Kakanninta daga Barno suka zo suka zauna a nan tun kafin a haifi uwarta, ita kuma gyaran amare ta tashi da shi. A wani biki suka haɗu da Barira suna sababbin aure, suka ƙulla ƙawancen da mutuwa ce kaɗai ta raba. Barira na aika mata sabulu, ita tana aiko da dilka da turaren wuta. Rabon Gwadabe da ita tun sadakar arba'in.

Ya same ta a rumfa, idonta ya yi rauni amma bakinta na nan yadda ya san shi. Kewaye da ita ƙore ne da robobi: garin lalle, garin magarya, kurkur, kajiji, bagaruwa da aka daka, da dilkar da ake turarawa a kan kasko. Ƙamshin wurin ya doke shi tun daga zaure, sai da ya tsaya ya dafa bango, don haka ɗakin Barira ke ƙamshi duk ranar da saƙon Gafasa ya iso.

"Wushe, wushe, angon Barira," in ji Yagana. "Matso in gan ka. Kai! Wa ya ƙona ka?"

Ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta goge ido da gefen mayafi, ba a san na dariyar ba ne ko na wani abu.

"Ka ɗanɗana ruwan tokar kafin ka sa mai?"

"In ɗanɗana? Miya ce?"

"Da harshe ake aunawa, malam. Ka taɓa da ɗan yatsa ka ɗora a kan harshe. In ka ji shi lami kamar ruwan kanwa, bai kai ba, ƙara masa wuta. In ya cije ka har hawaye ya zo, ya wuce, sirka shi. Tsakiyar ake nema, inda zai tsunkule ka ya sake ka. Wane mai ka sa?"

"Man gyaɗa."

"Na masu ƙuli ko na jarka?"

"Na jarka."

"Allah ya shirye ka. Na masu ƙuli za ka nema, kuma ludayi-ludayi ake zubawa, ba a kwarara shi kamar ana ban ruwa. Wuta kaɗan. In ya taso zai zube, ka janye itace, kada ka bar wurin ko kiranka ake. Man kaɗanya kuwa ba a dafa shi tare. Sai ka sauke tukunya tana huci, sannan ka narka shi a ciki. Shi ke kwantar wa sabulu da faɗa. Ka cura, ka bar shi ya kwana uku a inuwa kafin ka taɓa shi."

Ta sa aka ɗauko mata man kaɗanya a wani tsohon kwano, ta kankare rabi ta ba shi. Ta ce na kirki ne, daga kudu ake kawo mata, tunda kaɗanyar da suka sani a dajin nan duk ta tafi gawayi. Da suna yara, in ji ta, da ƙafa suke zuwa tsintar 'ya'yanta, su sha na sha su tara ƙwallon. Yanzu jikokinta ko ganyen ba su sani ba.

"Saura gwaji," ta ce. "Ba a fuska ba, kada ka ƙarasa abin da ya rage. Ba kuma a tafin hannu ba, naka ya riga ya zama ƙirgi. Nan." Ta juya hannunta ta shafa cikinsa, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu. "Inda rana ba ta gani, nan ne ya fi kusa da fatar jariri. Ka shafa kumfar ka bar ta, ka karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya, ba da sauri ba. In wurin ya yi ja ko ya yi raɗaɗi, na wanki ne, ba na jariri ba. Haka Barira take yi. Kai ba ka taɓa ganin tabon da ke hannunta ba?"

Ya gani mana. 'Yan tabo ne farare-farare a cikin hannunta na hagu, tun suna da ƙuruciya yake ganinsu, wasu na dushewa wasu na fitowa. Ya ɗauka bakin tukunya ne ke ƙona ta. Har faɗa ya taɓa yi mata, ya ce mace ta girma ba ta iya sauke tukunya ba. Ita kuma ta yi murmushi ta ja hannun rigarta. Ashe duk jikan da ya ɗauka ya sansana, sai da sabulun ya bi ta fatar Barira kafin ya kai gare shi. Kunya da baƙin ciki suka taso masa tare, ya rasa wanda zai haɗiye da fari.

"Ban sani ba," ya ce.

"Ina za ka sani, kana majalisa," in ji Yagana, amma a hankali ta faɗa. "Da idona na gani da na zo na yi maka. Je ka, tokarka mai kyau ce, ita ta faɗa mini."

Daga ranar ya daina kulle ƙofa. Matan maƙwabta suka riƙa leƙowa ta katanga suna kallon Gwadabe tsugune gaban murhu da muciya, yana lasar ruwan toka yana yamutsa fuska. Tukunya ta biyu mai ya ƙi haɗuwa, ya taso sama ya kwanta. Ta uku ya tafi sallar azahar ya bar ta a wuta, ya dawo ya tarar ta zube ta kashe murhun. Ta huɗu ta yi kyau a ido, ya jira kwana ukunsa, ya shafa a cikin hannu, bai kai ƙafa huɗu ba ya ruga wurin randa. Ta biyar ta kai shi har ƙafa tara kafin ta fara cizo. Bara'atu ta ce ai wannan ya yi, ɗan raɗaɗi ne kawai. Ya ce ɗan raɗaɗi a hannun tsoho, ihu ne a jikin jariri. Waɗanda suka lalace ya rarraba wa matan katanga, suka ce a wanki babu kamarsu.

Tsakanin tukunya da tukunya bai zauna ba. Ya faskara itace ya jera har ya kai tsayin katanga. Ya fito da babbar tukunyar wanka daga bayan rumbu ya kankare ta. Ya zagaya gona ya ga darbejiyar da zai riƙa sarowa, da inda runhu da sabara suka fi yawa. Ya buɗe ɗakin Barira, wanda rabonsa da shiga ya daɗe, ya sa Bara'atu ta share ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Duk wannan kuwa ba wanda ya ce masa za a kawo kowa.

Tukunya ta shida ita ta cinye ƙarshen tokar. Ya kakkaɓe buhun har sai da ƙura ta daina fita. In wannan ta lalace, sai kakar baɗi. Ya zauna mata tun hantsi, bai tashi ba, azahar ma a gefen murhu ya yi ta. Ya zuba mai ludayi-ludayi, ya janye itace da ta taso, ya juya har baƙin ya fara sakin jikin tukunya da kansa. Ya sauke, ya narka man kaɗanyar Yagana a ciki, ya cura. Curi bakwai suka fita da ɗan guntu na gwaji. Ya jera su a inuwar rumbu ya kife da kwando saboda kaji.

Kwanansu biyu, da safe wayarsa ta yi ƙara. Nu'uman ne.

"Baba, albishirinka. Fiddausi ta sauka, an samu mace. Duk suna lafiya, har an sallamo mu daga asibiti."

Gwadabe ya yi hamdala, ya sa albarka, ya ce a gaida Hajiya. Murna ya yi ta gaske, har ƙwalla. Sai da ya ajiye wayar idonsa ya faɗa kan kwandon. Bara'atu ta shigo da mayafi a kafaɗa za ta tafi Gaya, ta bi idonsa da kallo.

"Shi ke nan, Baba. Ƙwarya kafin haihuwa ake aika ta. Ka yi iyakar ƙoƙarinka. Ko in tafi da su haka, a ce tsaraba ce?"

"Ba su kwana uku ba."

"Kwana ɗaya ne fa ya rage."

"To ya rage."

Ta tafi ta bar shi. Washegari da rana ta fito ya ɗauki guntun, ya jiƙa, ya murza har ya yi kumfa. Da ƙyar ya sami wuri a cikin hannunsa na hagu da tukwanen baya ba su taɓa ba. Ya shafa, ya zauna a bakin rumbu ya fara karatu. Ƙafa biyar, shiru. Ƙafa tara, shiru. Ya cika goma sha ɗaya, bai yarda ba, ya sake wasu goma sha ɗayan. Da ya ɗauraye, fatar na nan yadda take, sai wani laushi da bai san hannunsa na da shi ba.

Babu macen da zai aika, Bara'atu na can, Zuhra na nesa. Ya wanke sabuwar ƙwarya, ya jera curi bakwai, ya ɗora sauran man kaɗanyar a tsakiya, ya rufe da faifai. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ɗaure ƙwaryar a cikin kwando a bayan babur. Datti na dakali ya ga wucewarsa, ya buɗe baki zai yi magana, ya ga ƙwaryar, ya rufe bakinsa.

A ƙofar gidan su Nu'uman mata 'yan barka na ta shiga. Suka riƙa satar kallon dattijon da ya sauko da ƙwarya a hannu kamar mai tallan fura. Namiji ba ya kai irin wannan kaya gidan surukai, shi ma ya sani. Nu'uman ya fito da sauri ya durƙusa, ya shimfiɗa masa tabarma a soro, ya miƙa hannu zai karɓi ƙwaryar. Gwadabe ya ce a'a, Hajiya yake son gani in babu damuwa.

Hajiya Safara'u ta fito lulluɓe, ta tsuguna daga bakin ƙofar cikin gida. Suka gaisa irin gaisuwar surukai, doguwa, kowa na kallon ƙasa. Aka yi barka, aka yi addu'a. Sannan ya tura ƙwaryar gabanta. Ta ɗaga faifan, ta ɗauki curi ɗaya ta kai hanci, ta daɗe tana juya shi.

"Wannan ba na kasuwa ba ne. Bara'atu kuwa ta ce mini ba ta iya ba. Wa ya yi?"

"An dai yi, Hajiya."

Ta mai da shi. "Malam, an gode, Allah ya saka da alheri. Sai dai ka ga an riga an sauka. Na sayi komai, sabulun jarirai da mai da hoda, na yi magana da mai yi mata wanka, itace ma an sauke jiya. Ba na son a ɗora maka nauyin da ba naka ba."

"Na san ta makara," ya ce. "Laifin mai yin ne, hannunsa bai faɗa da wuri ba. Ban zo jayayya ba, Hajiya. Kin riƙe yarinyar nan kamar ke kika haife ta, kowa ya shaida. Na kawo ne don kada wata rana ta ce an yi wa yayyenta abu, ita da uwarta ta mutu ba a yi mata ba. In kin ga ta zauna, ta zauna. A dai wanke jaririyar da shi, an gwada."

Ya miƙa hannu zai mai da faifan, sai hannun babbar rigar ya zame zuwa gwiwar hannu. Ya yi saurin janyowa, amma ta riga ta gani: tabo a jere a cikin hannun, wani ya bushe ya yi fari, wani da sauran ja, wani bai gama ɓawo ba. Ta ɗaga ido ta dubi goshinsa da bai gama komawa daidai ba, abin da tunda suka haɗa zuri'a ba ta taɓa yi ba.

"Tukunya nawa?" ta tambaya.

"Shida."

Da ta buɗe baki, muryarta ta sauka.

"Mahaifiyata ma mai sabulu ce, a Ajingi. Hannunta haka yake. Da na haifi Nu'uman, shekararta ɗaya da rasuwa. Surukata ta ce in zauna, ita ma uwa ce. Ta kula da ni, wallahi ban rasa komai ba. Amma kwana arba'in ɗin nan, duk sallamar da aka yi a soro sai na ɗaga kai in ji ko daga gidanmu ne. Mahaifina na da rai a lokacin, Malam. Ba wanda ya zo." Ta goge ido da bakin mayafi. "Na ɗauka haka ake yi wa marar uwa. Shi ya sa na aika maka da abin da na aika."

Ta ɗauki curi ɗaya ta riƙe, ta rufe sauran da faifai ta turo masa ƙwaryar.

"Wannan ya ishe mu zuwa suna. Sauran ka koma da su, can za a neme su. Ranar suna bayan la'asar ni da kaina zan rako ta. Ka sa a ɗora ruwa."

Gwadabe, mutumin da duk Balan ba a taɓa ƙure shi a magana ba, ya zauna riƙe da ƙwarya a cinya yana gyaɗa kai kawai. Hajiya Safara'u ta miƙe ta shige ciki da curin a hannunta. Yana nan zaune ya jiyo muryarta ta ratsa hayaniyar matan, tana ɗaga labulen wani ɗaki.

"Fiddausi, tashi ki gyara. Sallamar nan taki ce, daga gidanku ne."